Bindigar Iska Mai Karyawa: Ina Ƙarfinta Ya Tsaya?

Kwanakin baya wani maƙwabcina, mai garka a bayan gari, ya zo mini da wata takarda ta Faransanci wadda ya samu cikin kwalin bindigar iska. Gafiya ta dame shi a rumbu, kurege kuma ya hana gujiyarsa sakat. Ya ce: "Malam, duba mini nan. Mai kanti ya ce ana ƙara mata ƙarfi, ana rage mata. Gaskiya ne?" Da yake fassara ita ce aikina, sai na zauna na karanta takardar daga farko har ƙarshe, na juya ta baya na sake dubawa. Babu inda aka faɗi haka. Abin da mai kanti ya nuna masa yana murɗawa, na daidaita saiti ne, ba na ƙarfi ba. Shi ya sa na ga ya kamata a yi wa masu karatu bayani, don kada wani ya zuba kuɗinsa bisa maganar baka.

Bindigar nan ba ta cin albarushi kamar bindigar toka ta maharbanmu. Ana kiranta mai karyawa domin bututunta yana lanƙwashewa ƙasa a wata gaɓa, kamar yadda ake naɗe wuƙar aljihu. Cikin jikinta akwai naɗaɗɗen ƙarfe, irin wanda ke ƙarƙashin sirdin keke amma dogo mai tauri, da fistan a gabansa. Idan mutum ya karya bututun ya ja shi ƙasa, ya matse ƙarfen nan ke nan, kunama kuma ta riƙe shi. Sai a sa harsashin darma guda ɗaya a gindin bututu, a mai da shi ya rufe. Da an taɓa kunama, fistan ya zabura gaba, ya matse iskar da ke gabansa, ta fita ta wata ƴar ƙarama ƙofa ta tunkuɗa harsashin. Wanda ya taɓa tsayawa a maƙera ya ga aikin zugazugi ya riga ya gane rabin al'amarin. Ƙarfin da ke fita bakin bindigar, ƙarfin hannun mai ita ne da ya ajiye lokacin karyawa.

Daga nan amsar maƙwabcina ta fito. Naɗaɗɗen ƙarfe tsawonsa ɗaya ne, taurinsa ɗaya, kuma kullum wuri ɗaya kunama take kama shi. Saboda haka galibin bindigogi masu karyawa ƙarfinsu ɗaya ne tak, sai fa in gwani ya kwance ta ya musanya ƙarfen da wani.

Akwai dai waɗanda ake daidaita ƙarfinsu da gaske, amma ba su da yawa kuma suna da tsada. Cikin shekarun 1980 wani kamfani na Ingila mai suna Theoben ya fito da dabarar cire naɗaɗɗen ƙarfe, ya sa a madadinsa wani rufaffen bututu cike da matsattsiyar iska. Iskar nan ba ta fita wajen harbi, matsuwa kawai take yi ta sake buɗewa. Kamfanin Weihrauch na Jamus ya yi aiki da wannan dabara cikin bindigarsa HW 90, wadda take da ƴar ƙofa ta sa famfo na musamman. In an ƙara iska ƙarfi ya hau, in an sassauta ya sauka. Matsin da ke ciki idan an cika ta ya fi na tayar ƙaramar mota sau goma, don haka famfon keke ba ya wannan aiki. Wata hanyar kuma ita ce ta bindigogin Amurka irin su Benjamin da Crosman, waɗanda ake buga wa iska da hannu kafin kowane harbi: bugu uku don gwangwani, bugu takwas don farauta. Amma su ba masu karyawa ba ne, kada a haɗa su.

To, me ya sa mutum zai so rage ƙarfin abin da ya saya da tsada? Nan ne maganar take da daɗi, domin yawancinmu mun ɗauka cewa mafi ƙarfi shi ne mafi kyau, masu sayarwa kuma sun san da haka. Shi ya sa suke buga lambar gudu da manyan haruffa a jikin kwali.

Ana auna ƙarfin harbi da wani ma'auni da ake kira jul, wanda ya haɗa nauyin harsashi da gudunsa. Harsashi mai kaurin milimita 4,5 nauyinsa wajen rabin giram ne. Idan ya fita da gudun mita 175 cikin daƙiƙa guda, ƙarfinsa ya kai jul 7,5 ko sama kaɗan. Idan ya kai mita 280, ya kusa jul 20. Harsashin kuwa an ƙera shi da siririn ƙugu da buɗaɗɗen gindi, kamar ƙaramin turmi, don iska ta riƙe masa wutsiya ya tafi sak. Wannan ƙira tana aiki ne muddin bai kusanci gudun sauti ba, watau wajen mita 340 cikin daƙiƙa. Da ya matso nan sai ya fara rawa a hanya. Lambar da ke jikin kwali sau da yawa an same ta ne da harsashi marar nauyi ƙwarai, wanda ba shi mutum zai yi aiki da shi ba.

Ga kuma wani abu da ba a faɗa wa mai saye. Fistan yana gama motsinsa tun harsashi bai bar bututu ba, sai bindigar ta girgiza baya, ta girgiza gaba. Iyakar ƙarfinta, iyakar girgizarta. Wanda ya damƙe ta tamau kamar ta soja ba zai samu bara ba. Gwanaye sukan ɗora ta bisa buɗaɗɗen tafin hannu, su bar ta ta yi motsinta, kuma kullum wuri ɗaya suke riƙewa. Girgizar nan mai fuska biyu ita ke lalata madubin hange da ba don irinta aka yi shi ba. Manya daga cikinsu kuma karyarsu tana neman wajen kilo 20 na ƙarfin hannu. Mutum ya yi haka sau hamsin da yamma ɗaya don harbin gwangwanin tumatir, ai gobe kafaɗa za ta ba shi labari.

Saboda haka mai koyon bara a mita 10 ko 15, jul 7 ya ishe shi. Ba ƙara mai yawa, ba gajiya. Farautar ƙananan namun daji ita ke son ƙari. Maharban Ingila suna kashe zomo da ɓera da bindigar da ba ta wuce jul 16 ba, yawanci a nisan da bai fi mita 30 ba, wasunsu da harsashin milimita 5,5 domin ya fi nauyi. Wurin da za a samu zomo ya faɗi nan take bai fi faɗin tsabar dala ashirin ba. A ganina, wanda bai iya jera harsashi biyar cikin wannan faɗi ba, bai kamata ya auna mai rai ba tukuna, don dabbar da aka ji wa ciwo ta shige rami wahala aka ba ta, kuma ba ta shiga tukunya ba.

Hukumomin ƙasashen da ake ƙera su ma da jul suke aiki. A Jamus wadda ba ta wuce jul 7,5 ba ana buga mata harafin F cikin zane mai kusurwa biyar, baligi yana iya sayenta ba tare da lasisi ba. A Ingila iyakar tana wajen jul 16. A Faransa, tun 2013, daga jul 20 zuwa sama sai an sanar da hukuma, kuma dokarsu ta hana farauta da bindigar iska ɗungum. Nan ne bindiga mai daidaituwa take da tarko: ƴan bugun famfo kaɗan suna iya fitar da ita daga wani aji na doka su kai ta wani. Mu nan Nijar, doka mai lamba 98-07 ta 29 ga Afrilu 1998 ta tsara sha'anin farauta da kare namun daji, da takardar izni da dabbobin da aka hana taɓawa. Kafin mutum ya fita daji, ya fara biyawa ta wajen ma'aikatan ruwa da daji ya ji abin da aka yarda masa.

Haɗarinta na farko a hannu yake. Idan an karya bututu ana sa harsashi, kada a sake shi ko kaɗan, domin in kunama ta kuɓuce zai koma da ƙarfi ya datse yatsa. Kada a harba ta babu harsashi, fistan zai doki bango ya lalace. Kada kuma a ɗiga mata man keken ɗinki ko na mota a ƙofar iska. Zafin matsi yana kunna man kamar yadda injin gazuwal ke yi, a ji ƙara da hayaƙi, mai ita ya yi murna wai ta ƙara ƙarfi, alhali robar fistan ce take ƙonewa. Darma tana dawowa idan ta bugi dutse ko ƙarfe, kuma ko mafi rauni cikin bindigogin nan tana fasa ido. Uban da ya saya wa yaro ita ya bar shi ya shiga unguwa yana bin kurciya a kan katangu, shi ne zai amsa kira ranar da abu ya faru.

Maƙwabcina bai mai da tasa ba. Takardarta ta nuna jul 16, wanda ya isa gafiya a bakin rumbu. Na ga ya cika buhu da rairayi ya jingina a katangar garkarsa, ya manna takarda mai ɗigon gawayi a tsakiya, ya ƙirga taki ashirin. Ranar farko biyu cikin goma suka shiga takardar. Har yanzu tarko ne ke kama masa kurege.