Salula Ba Ta Iya Shiru: Wa Ke Saurare, da Izinin Wa?

"Wannan ba maganar waya ba ce, bari sai mun haɗu." Duk wanda ya taɓa zama a tashar Tanut ko kasuwar Belbeji ya sha jin wannan furuci, daga bakin dillalin shanu, ko ɗan kasuwa mai jiran kaya daga Agadas, ko dattijuwar da ɗanta ke ci-rani a Libiya. Wasu sun yi imani duk abin da aka faɗa a waya yana shiga kunnen gwamnati nan take. Wasu kuma dariya suke yi, su ce wa ya san da zaman talakan Damargu balle a ɓata lokaci a saurare shi. Kowane ɓangare ya kama gefe guda na gaskiya, amma ya saki babban gefen.

Salula ƙaramar tashar rediyo ce da ke cikin aljihu. Ba karɓa kaɗai take yi ba, aikawa take yi. Ko ana kira ko ba a yi, muddin tana kunne, lokaci-lokaci takan sanar da eriyar kamfani mafi kusa cewa ga ni nan, domin in an kira mai ita a san inda za a same shi. Makiyayin da ke hawa tudu a arewacin Tanut yana ɗaga waya sama don neman rezo, wannan gaisuwa tsakanin waya da eriya yake nema. Da zarar an gaisa, kwamfutar kamfani ta rubuta abu uku: lambar layin, lambar jikin wayar kanta, da eriyar da ta amsa. A daji, inda eriya guda kan iya ɗaukar waya daga nisan da ya kai kilomita 35, abin da za a sani shi ne yankin da mutum yake. A cikin Damagaram ko Yamai kuwa, inda eriyoyi suke kusa da juna, ana iya kusantar unguwa, wani lokaci har layin gidan.

Lambar jikin waya, wadda ake kira IMEI, lambobi 15 ce, kuma kowa na iya ganin tasa in ya danna *#06#. Ba ta canzawa don an canza layi. Saboda haka mai cire Airtel ya sa Moov, ko ya cire Zamani ya sa Niger Telecoms, yana zaton ya ɓace, hula kawai ya sauya. Shi kuwa layin, tun 2013 aka ɗaure shi da suna: a watan Nuwamban shekarar ne hukumar kula da sadarwa ta Nijar ta sa aka rufe layuka kimanin miliyan 1.7 waɗanda masu su ba su yi rajista ba, wajen kashi ɗaya cikin uku na layukan ƙasar a lokacin.

Mutane sun fi tsoron a ji muryarsu, alhali wannan rubutun na gefe ya fi murya tona asiri. Wa ka kira, da wane lokaci, minti nawa, daga ina, shi kuma wa ya kira bayan kun gama. Ba a bukatar mai jin Hausa ko Barbarci ko Fulatanci ko Buzanci ya zauna da abin saurare a kunne. Na'ura ce ke jera shi cikin ƙiftawar ido. Takardun da Edward Snowden ya fallasa a watan Yunin 2013 sun nuna hukumar leƙen asirin Amurka ta NSA tana kwasar irin wannan bayani na miliyoyin mutanen ƙasarta daga kamfanin Verizon, daga baya kuma aka ji har wayar shugabar gwamnatin Jamus, Angela Merkel, ba ta tsira ba. Tsohon shugaban hukumar, Michael Hayden, ya faɗa a bainar jama'a a 2014 cewa da irin wannan bayanin na gefe sukan kashe mutum. Bai ce da abin da mutumin ya faɗa ba.

Wannan hali na salula, na rashin iya yin shiru, shi ne kuma asalin dokar da maniyyaci ke cin karo da ita ranar da ya fara hawa jirgi zuwa Saudiyya, lokacin da ma'aikaciya ta ce a kashe waya ko a sa ta a yanayin jirgi. Da yawa na zaton tsoron faɗuwa ne kaɗai. Amma dokar da hukumar sadarwar Amurka ta kafa a 1991 don kare rezon ƙasa aka yi ta: wayar da ke sama tana hango eriyoyi masu yawa a lokaci guda, tana kuma wuce su da gudun da ya haura kilomita 800 a awa, sai ta rikita musu lissafi. Dalili na biyu na matuƙa ne. Idan waya ta rasa eriya takan ƙara ƙarfin kiranta, kuma wannan ƙarar da ake ji in an ajiye salula kusa da rediyo ana shirin kira, irinta na iya shiga abin da matuƙi ke sauraren hasumiya da shi, a daidai tashi ko sauka, lokacin da kuskuren kalma guda ke da tsada. Jiragen zamani sun fi na da kariya, shi ya sa Amurka a 2013 ta yarda a bar waya kunne a yanayin jirgi tun daga tashi har sauka, Tarayyar Turai kuma a 2022 ta buɗe hanyar amfani da 5G a cikin jirgin da aka sa wa ƙaramar eriya tasa. Nijeriya ta bi wata hanya: a watan Agustan 2025, bayan wata hatsaniya kan kashe waya a jirgin da ya tashi daga Uyo zuwa Legas, hukumar jiragen saman ƙasar ta ce a kashe waya ɗungurungum yayin tashi da sauka. Dokar ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, don haka alhaji ya bi abin da ma'aikatan jirgin da yake ciki suka ce, ba wurin gardama ba ne.

A jirgi dai an gaya maka dokar, ka kuma san dalilinta. A ƙasa ne maganar take da duhu, kuma Nijar tana da labarin da ya isa darasi. A ranar 20 ga Satumban 2007, zamanin Shugaba Tandja Mamadou, aka kama Moussa Kaka, wakilin RFI kuma shugaban gidan rediyon Saraounia, bisa zargin haɗa baki da ƴan tawayen MNJ. Hujjar da aka kawo ita ce faifan hirarrakinsa ta waya da jagoran tawayen, Aghali Alambo. Kaka ya ce aikin jarida yake yi. A watan Nuwamba alƙalin bincike ya yi watsi da faifan, ya ce ba bisa doka aka naɗi hirarrakin ba. A Fabrairun 2008 kotun ɗaukaka ƙara ta Yamai ta soke wannan hukunci. Sai 7 ga Oktoban 2008 aka saki Kaka, bayan ya haura shekara a tsare.

Mutanen Tanut ba sa bukatar a ba su labarin wancan zamani. Ana tsakiyar wannan shari'a ne, ranar 21 ga Janairun 2008, ƴan MNJ suka afka wa garin, aka rasa rayuka, suka tafi da mutane har da perefe. Wanda ya kwana a Tanut a daren nan ba zai ce hukuma ba ta da hurumin bibiyar wayar ɗan bindiga ba. Haka wanda ɓarayi suka kore wa garke, ko aka tare shi a hanyar Agadas, shi da kansa zai roƙi jandarma su bi sawun lambar da ta kira. Saurare makami ne na halal a hannun ƙasar da ke fama da ta'addanci. Abin tambaya shi ne wa ke ba da izini, kuma wa ke duba mai ba da izinin.

Kundin tsarin mulkin 2010, a sashe na 29, ya ce sirrin wasiƙa da na sadarwa ba a keta shi sai ta hanyar da doka ta tsara. Dokar da ta tsara hanyar ta zo ranar 29 ga Mayun 2020, lokacin da majalisar dokoki ta amince da ita, ƴan adawa kuma suka ƙaurace wa ƙuri'ar. Ministan shari'a na lokacin, Marou Amadou, ya kare ta da hujjar yaƙi da ta'addanci da manyan laifuka. Amma izinin sauraren ba a hannun alƙali ta sa shi ba, a hannun shugaban ƙasa ta sa shi. Ta kafa hukumar sa ido, CNCIS, sai dai masu suka a ciki da waje sun ce ba ta da cikakken ƴanci daga ɓangaren zartarwa. A ganina nan ne gizo ke saƙar. Shugaban ƙasa ɗan siyasa ne, yana da abokan hamayya, yana da ƴan jaridar da ke ba shi haushi. Ko waliyyi ne shi, ba a san wanda zai gaje shi ba. Kuma ga shi an gani: waɗanda suka rubuta dokar a 2020 ba su ke riƙe da ita ba tun juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, kundin da ke ɗauke da sashe na 29 ma an dakatar da shi a lokacin. A Nijeriya ƙa'idar da hukumar sadarwa ta NCC ta fitar a 2019 ta ce a nemi takardar alƙali, ko da yake ta bar ƙofar gaggawa. Ko ana bin ta wata magana ce daban, amma aƙalla akwai wurin da lauya zai dafa.

To WhatsApp fa? Tun 2016 saƙonsa a kulle yake daga wayar mai aikawa zuwa ta mai karɓa, kamfanin layi ba ya iya karantawa a hanya, saɓanin kira na yau da kullum da gajeren saƙo. Amma akwai manhajojin leƙen asiri irin Pegasus, na kamfanin NSO na Isra'ila, masu shiga cikin wayar kanta su karanta kafin a kulle, har su kunna abin ɗaukar murya. A 2020 masu bincike na Citizen Lab sun gano an hari wayoyin masu sukar gwamnatin Togo da ita, ciki har da wani bishop. Sai dai kayan tsada ne, manya ake farauta da su. Abin da ya fi kai talaka gaban alƙali ba shi da tsada ko kaɗan: vokal, wato saƙon murya, da ya yi cikin fushi ya jefa a zauren mutum ɗari biyu, wani ya tura wa wani, ya kwana a Yamai. Magana zarar bunu ce. Dokar laifukan intanet ta 3 ga Yulin 2019 ta hukunta yaɗa abin da ka iya ta da hankalin jama'a. A 2022 an cire ɗauri kan ɓata suna da zagi, amma a watan Yunin 2024 hukumomin soja suka maido da shi: shekara 1 zuwa 3 kan ɓata suna ko zagi, shekara 2 zuwa 5 kan abin da aka ɗauka ta da zaune tsaye ne. Wanda ya tura yana iya shiga ciki kamar wanda ya ƙirƙira.

Akwai camfe-camfe da ya kamata a ajiye. Jin amsa-kuwwa ko ƙaraf-ƙaraf a layi ba alamar saurare ba ce, raunin rezo ne. Sauraren zamani a ofishin kamfani ake kwafe shi, ba ya ƙara ko tari. Lambar *#21# da ake yaɗawa wai tana tona mai saurare, abin da take nunawa kawai shi ne ko an karkatar da kiranka zuwa wata lamba.

Haɗarin da ya fi kusa da mutanen karkara yana wajen rajista. Da yawa ba su da katin ɗan ƙasa, sai su sayi layin da aka riga aka yi wa rajista da sunan wani, ko mai kati ya ara wa maƙwabta a buɗe layi biyar da sunansa, don zumunci. Ranar da ɗaya daga cikin layukan ya fito a binciken satar shanu ko neman kuɗin fansa, ƙofar mai katin za a fara ƙwanƙwasawa. Haka baƙon da ya ce ara mini waya in yi kira ɗaya a tasha, da wayar da ake bari a wurin mai caji ranar kasuwa ba tare da makulli ba, da wayar hannu da aka saya ba a san tarihinta ba. Kowanne na iya rataya wa mutum abin da bai ji ba bai gani ba.

Don haka ƴan'uwa na Tanut da Belbeji, daga Gangara zuwa Tarka, kowa ya je ofishin kamfaninsa ya tabbatar layin da ke hannunsa da sunansa yake, kada kuma ya sake ba da katinsa a buɗe wa wani. Malamai da masu gari da gidajen rediyon karkara su riƙa faɗa wa jama'a hukuncin tura vokal kafin a ji shi a kotu. Su kuma masu rubuta dokokin ƙasa na gaba, a maida izinin sauraren wayar ɗan ƙasa hannun alƙali, a rubuce, da dalili, da wa'adi.