Awon Tururin Nukiliya Ba Ya Faɗin Wanda Zai Rayu

A watan Satumban 1987, wasu masu tsintar ƙarafa su biyu suka shiga wani asibitin da aka yi watsi da shi a birnin Goyaniya na ƙasar Birazil, suka kwance kan injin gashin cutar daji, suka sayar wa wani dillalin gwangwan. A cikinsa akwai sinadarin siziyom-137, wani gari mai shuɗin haske a cikin duhu. Dillalin ya kai shi gida, 'yan uwa da maƙwabta suka yi ta zuwa kallo, wasu har shafawa suka yi a jiki. Mutum 4 suka rasu.

Ana auna tururin nukiliyar da jiki ya sha da ma'aunin da ake kira gire. Idan kimanin gire 4 ya ratsa jiki gaba ɗaya a lokaci guda, kuma babu magani, ana sa ran rabin mutanen da ya shafa za su mutu cikin wata biyu. To amma a Goyaniya lissafin bai bi wannan layi ba. An ƙiyasta dillalin ya sha gire 7, ya rayu. Matarsa ta sha 5.7, ta rasu. Wani yaron shagonsa mai 4.5 shi ma ya rasu.

Dalili na farko shi ne lokaci. Dillalin yana shiga yana fita, nasa ya same shi ne kaɗan-kaɗan, ƙwayoyin jikinsa suna samun sararin gyara ɓarna. Da wannan hikima likitoci ke gasa ƙarin daji da gire 60 zuwa 70, amma gire 2 a rana, na tsawon makonni, a kan wuri guda. Da a ce kashi ɗaya cikin huɗu na wannan ya ratsa dukkan jiki a zama ɗaya, da wuya mutum ya kai labari.

Na biyu, inda tururin ya sauka. Idan wani ɓangare na ɓargo ya tsira, zai iya ci gaba da samar da jini. Na'urar awon da ma'aikaci ke maƙalawa a ƙirji kuwa, abin da ya taɓa ƙirji kaɗai ta sani. Ba ta san hannun da ya riƙe ƙarfen ba, balle abin da aka haɗiye. Yarinya 'yar shekara 6 da ta rasu a Goyaniya abinci ta ci da hannun da ya taɓa garin, sinadarin ya zauna a cikinta yana aiki dare da rana.

A hatsarin tashar nukiliya ta Chanobil a 1986, wasu na'urorin awo sun cika maƙil, suka daina nuna gaskiya. Cikin ma'aikata 134 da suka kamu da ciwon tururin mai tsanani, 28 sun rasu a watannin farko, kuma ƙunar fata ta taka babbar rawa a mutuwar da yawansu. Shekaru, raunuka, ƙwayoyin cuta da ingancin jinya duk suna sauya sakamako.

Shi ya sa likitoci ke bin abin da jikin ke faɗa. Yaushe amai ya fara? Idan cikin sa'a guda ne, lamarin ya yi tsanani. Sai a riƙa ƙirga fararen ƙwayoyin jini a kwana biyun farko, a duba karayar ƙwayoyin gado, a sa ido kan fata da hanji. Awo na da amfani wajen tantance wanda za a fara dubawa, amma hukunci na hannun alamun jiki.

'Yan gwangwan da 'yan bola-jari, wannan ya shafe ku. Duk ƙarfen da ya fi girmansa nauyi, ko mai tambarin fukafukai uku a kan launin ɗorawa, kada a fasa shi, kada a kai shi gida. A nisance shi, a sanar da hukuma, wanda ya taɓa shi kuma ya garzaya asibiti ko da yana jin lafiyarsa ƙalau.