Jarumi da Mugu a Labaran Binciken Zamanin En'e: Gaskiya ko Jita-jita?

Matashin marubucin da ya zauna a Musawa ko Malumfashi yana son ya tsara labarin bincike, ya mayar da shi zamanin En'e, lokacin Sarkin Katsina Dikko ko farkon sarautar Nagogo, yakan tarar an riga an yanka masa mutanen labarin tun bai ɗauki alƙalami ba. Jarumi dai dogo ne mai tsantseni, bai taɓa cin haƙƙin kowa ba. Mugu kuwa waziri ne mai hassada, ko wani uban ɓarayi da ke ɓoye yana juya kowa. Idan ka tambayi dalili, sai a ce ai haka magabata suka rubuta. Mu buɗe littattafan magabatan mu gani.

Maganar cewa jarumin tsofaffin littattafanmu mutumin kirki ne tsantsa jita-jita ce, kuma Ruwan Bagaja kaɗai ya isa ya rushe ta. Littafin Abubakar Imam ne, wanda ya shigar a gasar da Rupert East ya shirya daga Zariya a 1933, yana malamin makarantar Midil ta Katsina. Ka tuna haɗuwar Alhaji Imam da Malam Zurƙe ɗan Muhamman. Alhaji ya shiga gari ya yi shigar malanta, alhali ba shi da karatun. Zurƙe shi ne mai ilimin gaske, ya zo ya ƙure shi. Alhaji ya zana wata alama a ƙasa, Zurƙe ya karanta ta a matsayin harafi, Alhaji ya ce jinjirin wata ne, jama'ar da ba su san baƙi ba suka goyi bayan maƙaryaci, aka kori malami da ihu. Wanda muke tafa wa a wannan wuri shi ne macuci, wanda muke yi wa dariya shi ne mai gaskiya. Daga nan suka yi ta rama wa juna har ƙarshen tafiya, kuma babu wanda ya karanta littafin ya ƙi Zurƙe a zuciyarsa. Ni a wajena Zurƙe ya fi rabin miyagun da ake ƙirƙira yau rai, domin yana da dalilin fushinsa, mai karatu kuma shaida ne.

Jiki Magayi, na John Tafida da East, ya fi wannan tsanani. Abubakar aka zalunta: Malam Shaihu ya sa dukiya ya raba shi da Zainabu. To amma ramuwar da ya nemo a kan ɗan Malam Shaihu ta sauka, Kyauta, wanda bai san hawa ba bai san sauka ba. Yaron ya lalace ya zama ɓarawo, har ya kashe mahaifinsa bai sani ba. Wa za ka kira jarumi a nan? A Shaihu Umar ne kawai, littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, za ka samu tauraro mai tsarkin hali irin wanda ake zato, shi ma haƙuri ne makaminsa, ba bincike ba. Bayan shekaru kusan hamsin Bature Gagare, ɗan Katsina, ya fitar da Ƙarshen Alewa Ƙasa a 1982, inda mugun ne ma ke riƙe da ragamar labarin.

Sai batun waziri. Wannan rabinsa gaskiya ne. A littafi na farko na Magana Jari Ce, wanda ya fito a 1937, waziri ne ke ƙulla wa Sarki Abdurrahman da ɗansa Musa makirci, aku na warwarewa da labarai. Daga nan hoton ya zauna a kan ɗaliban firamare na Arewa tsara bayan tsara. Abin da ake mantawa shi ne, wanda ya gaji kujerar shi ne akun nan mai hikima, wato littafin da ya ba mu mugun waziri shi ya ba mu nagari. Mugun wazirin ma baƙo ne, daga labaran Larabawa da Farisa da Indiya ya biyo, irin su Dare Dubu da Ɗaya. A tarihin ƙasar nan wazirci gidan ilimi ne, tun daga Giɗaɗo ɗan Laima a Sakkwato har Waziri Junaidu da ya rasu a 1997. Marubucin da ya ce labarinsa a Katsina ta 1940 ya faru, ya kuma ɗauko waziri na tatsuniya ya dasa, ya haɗa zamani biyu da ba su san juna ba.

Uban ɓarayin nan mai dogon hannu shi ma aro ne, kuma ko a gidansu an kumbura shi. Mutane da yawa sun ɗauka Farfesa Moriarty ne abokin gabar Sherlock Holmes daga farko har ƙarshe. Jita-jita ce. Labaran Holmes da Arthur Conan Doyle ya rubuta guda 60 ne, gajeru 56 da dogaye 4, farawa daga 1887. Moriarty bai bayyana ba sai 1893, kuma Doyle ya ƙirƙiro shi ne don ya samu wanda zai kashe masa Holmes, saboda ya gaji da shi. Bayan wannan, a littafi ɗaya ne kawai ya sake taka rawa ta bayan fage, sauran wurare ambato ne. Masu fim da masoyan da suka riƙa ɗora nasu labaran a kan na Doyle su suka mayar da shi dodo. Yawancin masu laifin da Holmes ya kama mutanen gida ne: mijin uwa mai kwaɗayin gado, ma'aikaci mai son kuɗin ubangidansa, tsohon aboki mai riƙo.

Akwai kuma masu cewa ƙasar Hausa ba ta da mai bincike, dole a aro na Turawa da hularsa da gilashin dubawa. Gaskiya ne cewa a littattafai biyar da gasar 1933 ta haifar babu wanda aka gina kan tambayar wa ya aikata. Amma rashin littafi daban, rashin mutane daban. Idan aka kore shanu a wani ƙauyen gundumar Musawa a wancan zamani, mai unguwa za a fara tasa, shi ya kai wa dagaci, dagaci ya kai wa hakimi. Mafarauta da makiyaya masu bin sawu su za su duƙa a kan turɓaya, su gane kofato nawa ne, wace saniya ke ɗingishi, ɓarawon takalmi gare shi ko ƙafa. Alƙali na jiran shaidu, in babu a koma rantsuwa da Alƙur'ani, abin da mutane da yawa suka fi tsoro fiye da gidan yari. Shari'ar kisan kai kuwa ba ta ƙarewa a gunduma, sai Katsina. Ga dogarai, ga 'yan doka, waɗanda Usman Nagogo da kansa ya shugabanta a matsayin Wakilin Doka kafin ya hau gadon mahaifinsa a 1944.

Kada kuma a ɗauka ɗan doka shi ne jarumin da aka rasa. Talakawa sun san shi da kulki da karɓar na goro. A watan Agusta na 1950 aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano kan koke-koken zaluncin En'e, a watan ne kuma Tafawa Ɓalewa, mai Shaihu Umar ɗin nan, ya miƙe a majalisar Kaduna ya nemi a gyara tsarin gaba ɗaya.

Laifin da ya fi dacewa da yankin Funtuwa da Malumfashi a lokacin ba a fada yake ba. Yana kasuwar auduga, inda manomi ke kawo ƙullinsa a kan jaki, malamin awo ya duba sikeli ya faɗi abin da ya ga dama, manomi bai iya karanta lambar ba. Yana cikin takardar haraji da jangali, inda ake ƙirga shanu a rubuta wani adadi, a kai wa baitulmali wani. Mai binciken da zai bi irin wannan ɓarna yana iya zama malamin hakimi mai ɗan karatun elementare, wanda ya lura lissafi bai haɗu ba, sannan ya gano cewa mai laifin surukin ubangidansa ne, a gidansa ma yake cin tuwon dare.