Koya wa yara tilo da jam'i a Turanci

Yaron da ya iya cewa gida da gidaje, akuya da awaki, mutum da mutane tun kafin a sa shi aji ɗaya, ya riga ya haye tudun da ya fi na Turanci tsawo. Hausa tana da hanyoyin jam'i barkatai. A Turanci kuwa, galibi harafin s kawai ake liƙa wa suna: book ya koma books, cup ya koma cups.

Inda gizo ke saƙar shi ne wajen ƙirga. Mu mun saba cewa shekara biyar, naira goma, mota biyu. Sunan yana nan a tilonsa, adadin ya wadatar. Sai yaro ya kwashi wannan ya kai Turanci, ka ji ya ce five year. Ba daƙiƙanci ba ne, nahawun gidansu yake bi. Ga shi kuma yawancin kalmominmu da wasali suke ƙarewa, shi ya sa s ɗin ƙarshe ke maƙale masa a baki ko da ya rubuta shi daidai.

Don haka kada a fara da allo. A zube cokula a kan tabarma, a ɗaga ɗaya a ce one spoon, a ƙara biyu a ce three spoons, a ja sautin ƙarshen har ya ji shi da kyau, shi ma ya maimaita. Idan kunne ya kama, sai a shigo da masu ɗaukar es, irin su box da boxes, bus da buses, sannan baby da babies, knife da knives. Masu taurin kai kamar man da men, child da children, foot da feet, waɗannan sai hadda. Sheep kuwa ko garke guda ne, sheep ɗin ne dai.

Akwai tarkon da har manya ke faɗawa. Muna da shawarwari da bayanai, amma advice da information ba sa karɓar s, haka ma furniture. Wannan a bar shi sai yaro ya yi ƙwari.

Iyaye, idan ya ce two childs kada ku yi masa tsawa. Ya gane ƙa'idar ke nan, ya dai kai ta inda ba ta aiki. Ku ce masa two children, ku ci gaba da hirarku.