Yadda ake fifita muhimman bayanai idan hanyar sadarwa ta cushe

A cibiyoyin adana bayanai na bankuna da kamfanonin sadarwa, akan jera siraran kwamfutocin uwar garke da ake kira blade a cikin akwati guda. Akwatin c7000 na kamfanin HP, alal misali, yana ɗaukar har guda 16, kuma dukkansu suna fitar da bayanansu ne ta na'urar rarrabawa da ke bayan akwatin, wato suwic.

A wannan mafita cunkoso ke faruwa. Idan kowacce tana aika gigabit 10 a daƙiƙa, jimilla 160 ke nan. In mafitar 40 kawai take ɗauka, tilas wasu bayanan su jira layi ko a zubar da su.

Domin tantance wanda zai fara wucewa, ƙa'idar IEEE 802.1p ta kasa bayanai aji takwas, daga 0 zuwa 7. Kiran murya, wanda ɗan jinkiri ke lalatawa, yakan samu aji 5, yayin da kwafin ajiya da ake yi da dare ke komawa baya. Ƙa'idar 802.1Qbb ta shekarar 2011 kuma ta ba suwic damar dakatar da aji ɗaya na ɗan lokaci, sauran na ci gaba da tafiya.

Sai dai fifiko ba ya faɗaɗa hanya. Idan aka ɗora kowane aiki a sahun gaba, cunkoson zai dawo. Haka kuma, wajibi ne kowace na'ura a kan hanyar ta mutunta alamar ajin, domin guda ɗaya da ta goge ta ta isa ta sa kira ya riƙa tsinkewa ko tura kuɗi ya yi jinkiri.