Kayan Aikin 'Yan Sandan Ƙananan Garuruwa a Amurka

A Amurka garuruwa da yawa suna da nasu 'yan sandan, saɓanin Najeriya mai runduna ɗaya ta ƙasa baki ɗaya. Hukumomin tabbatar da doka a can sun kusa 18,000, kuma kusan rabin ofisoshin 'yan sandan garuruwa jami'ansu ba su kai goma ba. Majalisar gari ce ke biyan albashi, ita ke sayen kayan aiki daga harajin mazauna. Saboda ƙarancin ma'aikata, ɗan sanda kan kwana yana sintiri shi kaɗai, kuma da wannan ake la'akari wajen zaɓar masa kaya.

Motar sintiri ita ce ofishinsa. An daɗe ana amfani da Ford Crown Victoria har aka daina ƙera ta a 2011, yanzu kuma an fi ganin Ford Explorer da Dodge Charger da Chevrolet Tahoe. Bayan jiniya da fitilu masu walƙiya, akwai shingen da ya raba kujerar gaba da ta baya, inda ake zaunar da wanda aka kama. Gefen sitiyari an kafe kwamfuta. Idan jami'i ya tsayar da mota, sai ya shigar da lambarta, nan take amsa ta zo daga rumbun bayanan jiha da kuma na NCIC, wanda hukumar FBI ta buɗe a 1967. Kafin ya sauko ƙasa ya riga ya san ko motar ta sata ce, ko ana neman mai ita. Akwai kuma na'urar auna gudun mota da ta gwada barasa a numfashin direba.

Oba-oba ce ke haɗa ɗan sanda da sauran jami'ai da kuma ɗakin karɓar kiran gaggawa. Kiran gaggawa na lamba 911 a ƙaramin gari aka fara shi, wato Haleyville ta jihar Alabama, ranar 16 ga Fabrairu, 1968. Garin da ba zai iya riƙe ɗakin karɓar kira dare da rana ba yakan dogara da na gunduma, wanda ke tura 'yan sanda da 'yan kwana-kwana da motar asibiti daga wuri guda.

A ƙugun jami'i akwai ɗamara mai ɗauke da ƙaramar bindiga, galibi ƙirar Glock, da ankwa, da kulki, da tocila, da gwangwanin barkonon tsohuwa. Da yawa suna riƙe da Taser, wadda ke harba ƙugiyoyi biyu masu jone da siririyar waya, lantarki ya sandarar da jikin mutum na 'yan daƙiƙoƙi. A ƙirji kuma akwai rigar sulke mai tare harsashi. Da yake ɗan sanda kan riga motar asibiti isa wuri, yana tafe da abin ɗaure jijiya don tsayar da jini, da maganin Narcan da ake fesawa a hanci domin farfaɗo da wanda ƙwaya irin su fentanil ta sumar.

Kyamarar da ake maƙalawa a riga ta yaɗu ne bayan da ɗan sanda ya harbe wani mai suna Michael Brown a Ferguson ta jihar Missouri a 2014. Tana kare ɗan gari daga zalunci, tana kare jami'i daga ƙazafi. Sai dai sayenta ya fi sauƙi a kan kuɗin adana bidiyon da ake biya duk shekara, abin da ya sa wasu ƙananan ofisoshi suka haƙura da ita.

Abin da ya fi ƙarfin gari, a waje ake nemo shi. Zanen yatsu da samfurin jini ana aika su ɗakin bincike na jiha. Tun 1998 gwamnatin tarayya ke taimakawa da kusan rabin kuɗin rigar sulke, sannan shirin da ake kira 1033 yana ba 'yan sanda rarar kayan soja kyauta, har da motoci masu sulke. Masu suka na ganin irin waɗannan motoci ba su dace da gari mai zaman lafiya ba, kuma ɗawainiyar gyaransu a kan majalisar gari take komawa.