Ko Kun Sani? Dokar Nijar Ta Haramta Leda

Ko kun san cewa baƙar ledar nan da ake ƙulla ƙosai ko albasar Galmi a cikinta, a kasuwannin Birnin Ƙonni da Malbaza da Illela, tun ranar 5 ga Nuwamba 2014 dokar Nijar ta haramta sarrafa ta, da shigo da ita, da sayar da ita, har da adana ta? Daga cikin illolinta, idan tunkiya ta haɗiye ta sabili da ƙanshin abinci, ba ta narkewa, sai ta dunƙule cikin tumbi, dabbar ta yi ta ramewa har ta halaka, kuma mahauta shaidu ne. Malaman firamare, wajibi ne ku sanar da ɗalibanku wannan hukunci tun suna ƙanana.